Motar Alhaji Mai Tashi da Kan Soronmu

A gidanmu na Kabara, abin da na gada daga mahaifinmu wanda zan iya nunawa da yatsa shi ne kan soro. Ba a rubuta mini ba, ba a raba an ba ni ba, amma kowa ya san nawa ne, tunda ba wanda ya so shi. Soron ƙofar gida ne, ginin ƙasa, rufin azara, da 'yar matakala a bayansa wadda take hawa ta wata ƙofa da sai ka sunkuya. A can nake kiwon tattabaru, a can nake kwana idan zafi ya taso, a can nake zama idan matata ta fara jero mini mazan da suka fi ni. A ƙasa ɗakuna biyu gare mu, ni da ita da yara, ga Inna mahaifiyarmu a nata ɗakin da rediyonta da ba ya hutawa. Duk faɗin Kano, wannan ɗan filin ne kawai inda ba wanda zai ce mini matsa.

Makaranta na bar ta tun a farkon sakandare, ni da ita ba mu jitu ba. Na yi acaɓa har aka hana, na koma tuƙa adaidaita sahu har wata tifa ta gyara mini gwiwa a wajen Ƙofar Na'isa. Yanzu baƙin mai nake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Na faɗi wannan ne don a san idan ana maganar abin hawa da halin mutanenmu a kansa, ba a littafi na gani ba.

Ƙanina kuwa, wanda na goya na wanke wa kashi, shi ne Alhaji. Yana da shaguna a kasuwar atamfa, yana zuwa ƙasar Sin kamar yadda nake zuwa aski. Ya yi gini a bayan gari, amma duk Juma'a yana zuwa gaida Inna. Lungunmu ba ya cin mota, sai ya ajiye ta a bakin titi ya tako yana tattare babbar riga kamar kwata za ta cije shi.

Wata Juma'a bayan la'asar ya same mu a dakalin ƙofar gida, ni da telan da yake maƙwabtaka da mu. Bai gama gaisuwa ba ya zaro waya ya tura mana a fuska. Wani abu ne kamar ƙwai na gilashi, da kujera a ciki, an kewaye shi da fankoki. Wani Basine mai kwat ya shiga, ya danna wani wuri, abin ya ɗaga shi sama, ya zagaya da shi kan wani tafki, ya dawo ya dire shi a tsakiyar wata farar da'ira. Mutane suka tafa.

"Yaya, ka ga inda duniya ta kai," in ji Alhaji. "Mota ce mai tashi. Na shiga da kaina."

"Ta tashi da kai?"

"Ba ta tashi ba, amma na zauna a ciki. Har na yi magana da kamfanin. Daga gidana zuwa nan cunkoso yana cinye mini rabin yini. Da wannan sai in tashi daga tsakar gidana in sauka nan, in gaida Inna, in koma."

"Ka sauka a ina? Kan kwatar?"

Ya ɗaga kai ya kalli soron, ya auna shi da ido daga indararo zuwa indararo, irin kallon da mahauci yake yi wa rago. Nan jikina ya ba ni. Ya ce ai ginin ƙasa ba zai ɗauka ba, za a rushe shi a tayar da bulo, a zuba rodi da kankare a sama, a zana da'ira da farin fenti. Ya ce ma an yi wa gidan gata.

"Tattabaruna fa?"

"Haba Yaya, ana maganar ci gaba kana maganar tsuntsaye."

Na ce to mu yi maganar ci gaban. Mota idan ta mutu a titi sai ka fito ka kira mutane a tura. A sama wa za ka kira? Ya ce tana da lema, idan wani abu ya faru sai ta buɗe ta sauko da kai a hankali. Na ce ta sauko da kai a kan wa? Hatsari a titi, mutum biyu ne suka fito da niyyar tafiya suka haɗu, a yi zage-zage, a taru a raba, a ce Allah ya tsare gaba. Wannan kuwa mace tana tsakar gidanta tana tankaɗe, ba ta hau komai ba, ba ta biya kowa ba, sai ga Alhaji da kujerarsa a cikin tukunya.

Ya ce ba mutum ne yake tuƙa ta ba, kwamfuta ce, kuma idan aka yi mata lodi fiye da ƙima ba ma za ta tashi ba. Tela ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Na ce Alhaji, ka manta inda aka haife ka. Adaidaitar da na tuƙa, waɗanda suka ƙera ta mutum uku suka nufa. Na ɗauki bakwai da buhun masara, ɗaya a gefena rabin ɗuwawunsa a waje. Ranar da wannan abin ya yi arha ya shigo hannun irina, a makon farko za a samu wanda zai gano wayar da take hana shi tashi da lodi ya yanke ta, ya buɗe shago yana yanke wa mutane. Sannan a kai wa bakanike ya kwance, ya ɗaure, ya miƙo maka notina a tafin hannu ya ce waɗannan ƙari ne, ba su da aiki. A ƙasa ka ji ƙara ka tsaya a gefe. Can sama ka ji ƙara sai kalmar shahada.

"Caji fa?" in ji tela. "Ni wutar da ake kawo mana ko dutsen guga ba ta tayarwa."

"Sola," in ji Alhaji.

Na nuna masa sama. Lungunmu idan ka ɗaga kai ba gajimare kake fara gani ba, wayoyi ne, na wuta, na janareta, na wanda ya ja daga gidan wani, na wanda ya ja daga wanda ya ja, sun cukurkuɗe kamar taliyar da aka bari ta kwana. Shirwa ma da dabara take ratsawa.

Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Yaya, kai duk abin da yake sabo gaba kake da shi. Da wayar hannu ta zo ka ce za ta dafa wa mutane ƙwaƙwalwa. Ga ta nan a aljihunka."

Wannan gaskiya ne, na faɗa, kuma har yau ban tabbata na yi kuskure ba.

Muka kai maganar gaban Inna. Tana zaune a kan darduma tana jan carbi, rediyo na yi mata surutu a gefe. Ta saurare mu, ta kalli wanda yake kawo mata magani da nama, ta kalli wanda yake kawo mata kashin tattabaru a kan shanya. Ban yi zaton wani abu dabam ba.

"Idan masu abin suka ce zai yiwu, a rushe," in ji ta. "Ubanku ma da ya samu siminti da ba zai yi da ƙasa ba. Kai kuma tsuntsu ko a ƙasa ya ci gero."

Abin da ya rage mini shi ne masu abin su ce ba zai yiwu ba. Kamfanin ya nemi a aika musu da hoton wurin saukar daga sama. Na ce madalla. Duk Basinen da ya ga wayoyin nan da idonsa zai ce a bar maganar. Shi ya sa da Alhaji ya ce zai kawo mai hoto, ban yi gardama ba, har na ce zan taimaka.

A nan sai na yi bayanin wani abu don 'yan bayan gari da suka tashi a gidaje masu silin. A cikin birni gidaje a manne suke, tsakar gida a buɗe take, banɗaki ba shi da rufi sai sararin Allah. Mace a gidanta tana yawo da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, don ta san katanga ta tsare ta. Saboda haka duk namijin da zai hau sama, magini ne, mai ɗora tankin ruwa ne, mai gyaran eriya ne, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya: salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa. Ya ɗan jira. Wadda take banɗaki ta ce a dakata, ya dakata. Mata su shige ɗaki ko su zura hijabi. Idan ya gama ya sauko, ya sake ɗaga murya ya ce an sauka, kowa ta fito ta ci gaba da sha'aninta. Ba hukuma ce ta kafa ba, ba a karantar da shi a makaranta. Ni mari ne ya koya mini, daga hannun mahaifinmu, ranar da na bi wata tattabara sama ban ce komai ba. Tun daga ranar ban taɓa tsallakewa ba. Kwanan zafi ma sai na yi sallama nake hawa in kwanta, rawanin soron ya fi mai kwance tsawo, in sauko da asuba.

Matan unguwa sun san muryata kamar ta ladan. Wadda take amsawa kullum ita ce Gwaggo, tsohuwar gidan bayanmu. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka kowa yake kiranta har mai unguwa. Jikar Larabawan nan ce da suka zo fatauci tun zamanin raƙuma suka zauna, fara sol, ƙarama, bakinta kamar reza. Ita take yin alkakin kusan duk auren da aka yi a unguwar. Idan na ce za a hau sama, sai in ji ta daga bayan katanga: "A hau lafiya, a sauko da ƙafar da ta rage."

Mai hoton ya zo ran Asabar da hantsi. Irin masu ɗaukar biki ne, babban mutum mai tumbi da wando mai aljihu ko'ina. Ya buɗe jaka ya fito da ɗan jirgin nan mai kyamara da suke tayarwa a kan amarya da ango, bai fi faranti ba. Ya ce a kulle tattabaru kada su shiga fankokin, kuma a shimfiɗa wani farin abu a tsakiyar rufin don a nuna inda motar za ta sauka. Na ɗauki farin zanen gadon Inna. Na tsaya gindin matakala na yi sallama, Gwaggo ta amsa yadda ta saba, na ji ana jan takalma ana shigewa ɗakuna. Na hau, na kora tattabaru akurki, na shimfiɗa zanen na danne shi da duwatsu.

Mai hoto yana tsaye a lungu, shi da Alhaji, ya tayar da abin. Ya taso yana ƙugi kamar an taɓa gidan zuma, ya wuce ta tsakanin wayoyi lafiya lau, abin da ya ɓata mini rai, ya tsaya cak a saman kaina.

"Malam, kanka ya cika hoton," in ji mai hoto daga ƙasa. "Ɗan sauko."

Na sauko. Ƙafata na taɓa ƙasa bakina ya ce an sauka, da ƙarfi, yadda yake faɗa tun ina yaro. Na fita lungu na tsaya a bayansu ina leƙen 'yar wayar da take maƙale a jikin abin sarrafawa. Alhaji, da aka haifa a gidan nan, ya ji ni. Mai hoto ya ji ni. Mu uku manya, ba wanda ya kawo komai a ransa, domin mutum ne yake hawa sama, kuma mutumin ga shi a ƙasa.

Jirgin ya ƙara ɗagawa don ya ɗauko kewaye. A wayar na ga farin zanen ya ƙanƙance, katangu sun bayyana, sai tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya, sai mata suna fitowa daga ɗakuna. Mai hoto ya yi salati a hankali. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya kawar da kai gefe ya rufe ido. Sai dai wanda ya rufe ido ba ya tuƙi. Yatsansa yana kan abin, jirgin ya karkata, ya yi ƙasa, ya faɗa tsakar gidan Gwaggo.

Abin da ya faru a ciki daga bakin matata na ji, ita kuma daga bakin Gwaggo. Da ta ji an sauka, ta tuɓe hijabi da ɗankwali, ta yi ɗaurin ƙirji, ta ɗauki bokiti za ta wanka. Sai ga abu a gabanta daidai fuska, yana ƙugi, da ido ɗaya yana kallonta. Ba ta gudu ba. Ta zare gorar da take tokare igiyar shanya ta ba shi ɗaya, ya faɗa cikin bokitin. Mu a waje abin da muka ji shi ne ƙugin ya ɗauke, sai kururuwar mata daga gida zuwa gida har ƙarshen lungu.

Ba a jima ba ta fito da hijabi har ƙasa, da bokitin a hannu, jirgin a ciki yana jiƙa. Ba ta kalle mu ba. Ta miƙe gidan mai unguwa, mu kuma muka bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa.

Kafin azahar zauren mai unguwa ya cika. Ga liman, ga mazan gidajen da abin ya leƙa, ga tela a bakin ƙofa don kada a ba shi labari. Alhaji ya fara ba da haƙuri da irin muryar da yake lallashin kwastoma, hannunsa yana tafiya aljihu.

"Cire hannunka daga nan, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Ni na yi alkakin aurenka. Me abin nan ya gani?"

Mai hoto ya ce zai iya gogewa, amma sai ya duba ya ga inda zai goge. Liman ya ce bai halatta ya duba ba. Wani ya ce to mai unguwa ya duba, mai unguwa ya ce Allah ya tsare shi. Aka yi ta jujjuya maganar, ba a samu namijin da zai kalla ba, ba a samu macen da ta iya abin ba. Daga ƙarshe mai hoto ya zaro wani ɗan kati daga cikin jirgin, bai fi farce ba, ya ce komai yana ciki. Gwaggo ta sa aka kawo turmi daga cikin gida, ta jefa shi, ta dake shi da hannunta har ya zama gari. Sai da ta gama mai hoto ya ce, kamar zai yi kuka, akwai bikin wasu mutane a ciki da bai kai musu ba.

"Su sake auren," in ji ta.

Liman ya gyara zama ya ce abin dubawa shi ne, idon da ya hau sama ba tare da mai shi ba, hukuncinsa hukuncin mutum ne ko na tsuntsu. Mai unguwa ya ce a bar wannan tukuna, a gaya masa me ya kawo jirgi unguwar tun farko. Alhaji ya zaro waya ya nuna Basinen da kujerarsa. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu.

"Wato kai da kanka za ka riƙa wucewa ta kan gidajenmu," in ji mai unguwa. "A zaune. A cikin gilashi."

"Ranka ya daɗe, da sauri take wucewa."

"Daga gidanka zuwa nan gida nawa ne? Gida-gida za ka riƙa sallama kana jira a ce a dakata?"

"Za a iya sa mata lasifika."

"Kamar mai tallan maganin basir," in ji tela daga bakin ƙofa.

Aka yi dariya, har liman. Mai unguwa ya ce muddin yana raye ba abin da zai sauka a kan rufin kowa a unguwar nan sai ruwan sama, wanda yake son tashi ya tafi filin jirgi. Alhaji ya sunkuyar da kai. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ni. Tunda nake, ranar ce ta farko da manya suka taru suka faɗi abin da na faɗa. Har na fara tunanin yadda zan yi wa soron sabon yaɓe kafin damina.

Sai Gwaggo ta juyo gare ni.

"Wannan mai sa hannu a aljihu, Juma'a kawai nake jin takunsa. Wannan mai tumbin ban taɓa ganinsa ba. Muryar wa na ji?"

"Tawa, Gwaggo."

"Ka ce me?"

"Na ce an sauka. Kuma na sauka. Ƙafata biyu a ƙasa, ga shaidu."

"Ni ƙafarka nake ɓuyar wa?"

Na ce ban yi ƙarya ba, kuma har gobe ina nan a kan haka. Abin da aka koya mini na yi, yadda aka koya mini. Wanda ya koya mini bai ce idan wani mai tumbi ya tayar da faranti mai ido in jira shi ba. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Abin da ta sani, tun ina da gashi a ka take tuɓe ɗankwali a kan maganata, ba ta taɓa leƙawa ta duba ba, yau ta tuɓe ta ga abin da ta gani.

Mai unguwa ya ce bari ya je ya ga wurin da idonsa, don ya san abin da ake magana a kai. Muka ɗunguma. A gindin matakala ya ɗaga murya ya yi sallama, ya hau yana nishi, ina biye da shi. Shekarunsa duk a unguwar nan ya yi su, amma bai taɓa hawa kan soronmu ba, ba abin da zai kai shi. Ya miƙe tsaye ya juya. Ga tsakar gidan Gwaggo har bakin banɗaki, ga ta gidan tela, ga ta gidan liman, ga can gaba igiyar shanyar gidansa shi kansa da wandonsa a kai yana lilo. Ya yi sauri ya mayar da idonsa kan akurki.

"Ashe haka ake gani daga nan."

"Haka ake gani tun kakanmu, ranka ya daɗe. Shi ya sa ake sallama."

"Kuma kullum kana nan."

"Kullum ina sallama."

Bai ce na yi laifi ba. Ya sauko, ya ce an sauka, muka tsaya muna saurare. Ba motsi a ko wane gida. Ba jan takalmi, ba ƙarar bokiti, ba muryar kowa. Ya sake faɗa, da muryarsa ta mai unguwa. Shiru. Matan suna ɗaki, kuma a ɗaki suka zauna har sai da mazansu suka shiga suka gaya musu da baki.

Kwanaki ana haka. In hau in ba tattabaru ruwa, in sauko in ce an sauka, ba wadda za ta fito. Tuwo ya riƙa makara a gidaje, wanki ya taru, maza suka fara yi mini kallon wanda ya hana su cin abinci. Matata ta je barkar haihuwa aka ƙi matsa mata a tabarma, ta dawo ta sauke a kaina. Mai unguwa ya kira ni ya ce mata sun aiko, ba su ce ni mutumin banza ba ne, sun ce dai hankalinsu ba zai kwanta ba muddin akwai mai hawa. Na ce a ɗaga rawanin ya wuce tsawon mutum. Aka kawo magini ya duba, ya ce azarar ta tsufa, ba za ta ɗauki ƙarin nauyi ba, sai dai a rushe a zuba kankare. Na ce a'a. Mai unguwa ya ce to sai a toshe ƙofar matakala. Inna ta ce a toshe tun kafin ya rufe baki.

Tattabarun na sauko da su tsakar gida, kyanwa ta fara ɗauka, matata ta fara ƙorafi, na sayar wa wani mutum a Gwale. Ban yi ciniki ba, abin da ya ce na karɓa.

Motar kuwa har yau ba ta zo ba. Alhaji ya ce kamfanin yana jiran wasu takardu, daga baya ya ce ana gyara batirin, daga baya ya daina cewa komai. Yanzu wata na'urar wanke shinkafa yake nuna wa mutane a waya. Ba wanda ya ƙi gaishe shi a unguwar, har sahun gaba ake matsa masa.

Shi ya aiko da siminti da bulo. Ranar toshewar ya zo da kansa, ba ma Juma'a ba ce, ya tsaya nesa kaɗan don kada kwaɓi ya taɓa masa riga. Ni nake miƙa wa magini bulo, don ba a ɗauko lebura ba. Da aka sa na ƙarshe aka shafe, Alhaji ya matso ya dafa kafaɗata.

"Yaya, ai kai ka ci nasara. Ga soron Baba nan, ba wanda ya taɓa shi."

Na ce haka ne, Alhaji, na gode. Na ce ya ɗauke hannunsa, kuma in zai tafi ya bi a hankali, akwai kwaɓi a bayansa. Ya juya ya taka kwaɓin.